A Raba Rumbu Da Ɗakin Kwana A Cikin Kwamfuta

A damunar bara 'yar yayata ta shigo shagona na buga takardu da ke kusa da Unguwar Rogo a nan Jos, tana rungume da kwamfutarta ta tafi-da-gidanka, idanunta sun kumbura don kuka. Tana ajin ƙarshe a jami'a, kundin kammala karatunta ya kai babi na huɗu, kuma duk amsoshin da ta yi wata biyu tana bin ƙauyuka tana tattarowa suna cikin wannan na'ura. Kwana biyu kafin nan kwamfutar ta ƙi tashi, sai ta nuna shuɗin allo ta sake kunna kanta, don haka ta kai ta wurin wani mai gyara a cikin gari. Ya duba ya ce mata, "Malama, Windows ce ta lalace, fomatin kawai za a yi, ki dawo da la'asar." Ta dawo da la'asar ta tarar da kwamfuta tana aiki sumul, allo fes, babu ko fayil ɗaya nata. Abin da ta iya ce mini shi ne, "Kawu, bai tambaye ni ko akwai abin da nake so a ciki ba, ni kuma ban san abin da kalmar take nufi ba."

Na cire faifan da kwamfutar ke ajiye bayanai a kansa na haɗa shi da tawa kwamfutar, na kwana ina gwada manhajojin tono fayilolin da aka goge, ban samu komai ba sai tarkace. Da tsohon faifai ne mai juyawa da akwai ɗan fata, domin gogewar gaggawa jerin sunayen fayiloli kawai take sharewa, ainihin rubutun yana nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansa. Amma nata faifan SSD ne, wato na zamani marar juyawa, irin wanda da zarar an sanar da shi cewa wuri ya zama fanko yakan share shi da kansa, ga kuma sabuwar Windows da aka riga aka ɗora a kai. Abin da ya tsira shi ne babi biyu da ta taɓa aika wa malamin da ke duba aikinta ta imel.

Tun daga ranar nake juya wannan al'amari a raina, kuma ba na ɗora wa yaron nan laifin shi kaɗai, domin abin da ya koya a wurin maigidansa ke nan, shi ma maigidan haka ya taras. Tushen ɓarnar yana cikin yadda ake sayar mana da kwamfuta tun farko, inda ake cusa komai a ɗaki guda na faifan mai suna C, daga babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, wato Windows, zuwa ƙananan manhajojin aiki, zuwa takardu da hotuna da lissafin mai ita. Ra'ayina shi ne wannan ɗabi'a ta daina zama abin da ake ɗauka daidai a garinmu. Duk kwamfutar da za ta fita daga shago, ko ta shiga ofis ko makaranta, a raba mata wurin babbar manhaja da wurin bayanan mutane, kuma wannan ya zama sharaɗin ciniki da na gyara, ya daina zama dabarar da 'yan ƙalilan masu ilimin abin suke yi wa kansu su kaɗai.

Dalilin yana da sauƙin fahimta ga duk wanda ya taɓa zama a gidan karkara. Manomi yakan gina rumbunsa nesa kaɗan da ɗakin kwana da madafa, domin ya san wuta daga murhu take tashi, kuma ɗaki in ya ƙone ana sake gina shi kafin damuna, hatsin shekara kuwa in ya tafi sai wata kakar. Babbar manhaja ita ce madafar kwamfuta. Ita ake sabuntawa kowane wata, ita ƙwayoyin cuta suke fara kama wa, ita ce take rikicewa idan aka ɗauke wuta tana tsakiyar rubutu a kan faifai, amma kuma ita ce mafi sauƙin mayarwa, domin cikin awa ɗaya ko biyu an sake ɗora ta daga filasha. Manhajojin aiki su ma ana sake samun su. Kundin ɗaliba, da sakamakon jarrabawar ɗalibai na shekara goma, da littafin bashin ɗan kasuwa, da hotunan mahaifin da ya rasu, babu shagon da ake sayar da su. Hankali ba zai yarda a ajiye abin da ba ya mayuwa a cikin ɗakin da aka san za a riƙa rushewa ana sake ginawa ba.

Wannan tunani ya girmi yawancin masu gyaran da ke kasuwar Terminus ta nan Jos. Harafin C ɗin kansa gado ne daga zamanin da haruffan A da B suke na ƙananan faya-fayan da ake zurawa a cire, kafin IBM ta fito da kwamfutarta mai suna XT a 1983 da faifan ciki mai ɗaukar megabait 10. Masu amfani da Linux, wata babbar manhaja daban da Windows, sun daɗe da al'adar ware wa jakunkunan mutane ɓangarensu na musamman, ta yadda mutum zai sauya babbar manhajar gaba ɗaya ya tarar da takardunsa yadda ya bar su. Kamfanin Apple ma a 2019, cikin manhajarsa ta macOS Catalina, ya mayar da babbar manhaja wani ɓangare da ba a iya rubutu a kansa, ya ware bayanan mai na'ura daban. Ko wayar Android da ke aljihun kowa haka aka tsara ta, manhajar da wayar ke tashi da ita tana gefe guda, abubuwan mai wayar suna wani gefen. Kwamfutocin Windows, waɗanda su ne suka cika ofisoshinmu da makarantunmu da shagunanmu, su ne suka fi zuwa a dunƙule, kuma a kansu ne hannun masu fomatin ya fi sauka.

A nan zan rabu da wasu abokan sana'ata da suke koyar da cewa a kasa kwamfuta gida uku, babbar manhaja a C, manhajojin aiki a D, bayanai a E. Na yi wannan tsari shekaru da dama, na kuma gane wahalarsa ta fi amfaninsa yawa. Idan aka ɗora manhaja a Windows, ba ta tsayawa a jakar da aka nuna mata, tana rubuta sunanta da saitinta a cikin babban kundin rajistar Windows, tana kuma watsa wasu fayilolinta a cikin jakunkunan babbar manhaja. Ranar da aka sake ɗora Windows, wannan rajista ta tafi, sai ka ga manhajar tana zaune a D cikakkiya amma ba ta buɗuwa, dole a sake ɗora ta daga farko. Saboda haka rabon bai ceci komai ba, illa ma ya ƙara rikita mai na'ura. A da can akwai hujjar sauri, lokacin da faifai mai juyawa sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya yake da allura guda da za ta yi ta kai-kawo tsakanin manhaja da fayil, ta yadda faifai biyu suka fi ɗaya saurin aiki. SSD ba shi da allura ba shi da abin juyawa, mai matsakaicin ƙarfi yana karanta kusan megabait 500 a daƙiƙa guda, na zamani nau'in NVMe kuwa yana haura 3000, don haka wannan hujja ta faɗi. Inda kawai nake ganin dacewar fitar da manhaja daga C shi ne manyan wasannin kwamfuta, da tarin kayan aikin masu haɗa fim da masu ɗaukar sauti, waɗanda suke cin wuri mai yawa kuma akasarinsu an tsara su yadda za a iya nuna musu mazauninsu bayan an sake ɗora Windows. Ga sauran jama'a, gida biyu ya wadatar: abin da ake iya sake samu a gefe guda, abin da ba a iya sake samu a ɗaya gefen.

Akwai kuma bambancin da masu sayarwa ba sa bayyana wa mai saye. Idan aka buɗe kwamfuta aka ga C da D, sau da yawa faifai ɗaya ne aka tsaga gida biyu, kamar ɗaki guda da aka ja masa bango a tsakiya. Wannan bango yana da amfani ƙwarai, domin da shi aka yi wa 'yar yayata, da mai gyaran ya goge C ya bar mata D, da yanzu ba wannan labarin nake bayarwa ba. Amma rufin ɗaya ne, in ya rufta ya danne ɗakunan biyu. Faifai mai juyawa yakan mutu idan jaka ta faɗi daga Keke ko aka buge kwamfutar tana aiki, SSD kuma yakan ɗauke ne farat ɗaya, sau da yawa ba tare da ƙarar gargaɗin da tsohon faifai yake yi ba. Abin da ya fi shi ne faifai biyu na zahiri, ƙaramin SSD ya ɗauki Windows da manhajoji, wani daban ya ɗauki bayanai. Kwamfutar tebur tana da wurin wannan a wadace. Da dama daga cikin kwamfutocin tafi-da-gidanka na hannu da ake kawowa daga Legas ma suna da hanyar yin haka, wasu suna da gurbi biyu a ciki, wasu kuma ana cire musu ma'ajin faifan DVD da ba wanda yake amfani da shi yanzu, a sa ƙaramin akwati mai ɗauke da faifai na biyu a madadinsa. Wadda ba ta da gurbi sai ɗaya, a tsaga mata faifan, domin bango ya fi babu.

Ba na so wani ya karanta wannan ya tafi da tunanin cewa raba faifai ya gama masa komai, domin wannan zai fi rashin rabawar haɗari. Ɓarawon da ya ɗauke kwamfuta ya ɗauke C da D tare. Ƙwayar cutar da take ƙulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa, irin WannaCry da ta bazu a ƙasashe fiye da 150 a watan Mayun 2017 har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, ba ta tambayar harafin faifai, duk abin da kwamfutar take gani shi take kamawa, har da faifan waje da aka bari a jone. Mu mutanen Jos ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan wannan, domin mun ga gobarar da ta cinye babbar kasuwarmu a Fabrairun 2002, inda wanda kayansa suke rumfa biyu a cikin ginin guda bai tsira da ko ɗaya ba. Kwafi na biyu a wani faifan da ake cirewa a ajiye a wani wuri daban wajibi ne. Abin da rabon yake yi shi ne ya sauƙaƙa wannan wajibi, domin wanda ya san dukiyarsa duk tana D, kwafar D kawai zai yi a ƙarshen mako, ba sai ya bi lungu-lungu yana neman inda takardunsa suka warwatsu ba. Na lura a shagona cewa mutanen da aka raba wa faifai su ne suka fi dagewa da yin kwafi, saboda aikin ya zama na minti kaɗan.

Rabon kansa yana bukatar hannun wanda ya san aiki. Kuskuren da na fi gani shi ne a ƙuntata wa C. Microsoft ta ce Windows 11 tana bukatar aƙalla gigabait 64, sai mai gyara ya ɗauki wannan adadi ya yanka daidai shi, bayan wata shida sabuntawa ta cika wurin, kwamfuta ta fara nauyi, mai ita ya koma shago a sake yi masa fomatin. A ganina kada C ya gaza gigabait 120, in da hali a kai shi 150. Kuskure na biyu shi ne a ƙirƙiri D a bar shi fanko, alhali Windows tana ci gaba da zuba komai a jakar takardu da jakar hotuna da fuskar allo, waɗanda dukkansu a C suke zaune. Windows tana da hanyar da ake sauya wa waɗannan jakunkuna mazauni su koma D, kuma dole a yi hakan a kwashe tsofaffin fayilolin gaba ɗaya, kada a bar rabi a baya. Wannan gargaɗi yana da tarihi, domin a Oktoban 2018 Microsoft ta janye wata sabuntawar Windows 10 kwanaki kaɗan bayan fitar da ita, saboda ta goge fayilolin wasu mutanen da suka sauya mazaunin jakunkunansu amma suka bar takardu a tsohon wurin. Sannan akwai abubuwan da suke maƙalewa a C ko da an yi duk wannan, kamar akwatin wasiƙun Outlook, da kalmomin sirrin da manhajar shiga intanet ta adana, da rumbun lissafin wasu manhajojin kasuwanci, waɗanda sai an neme su da gangan. Na ƙarshe shi ne makulli. Sababbin kwamfutoci da dama suna zuwa da faifansu a ƙulle da BitLocker, makullin faifai na Windows, ba tare da mai su ya lura ba, kuma mabuɗin ceto lamba ce mai alƙaluma 48. Wanda aka sake ɗora wa Windows bai adana wannan lamba ba zai ga D ɗinsa da idonsa amma ya kasa shiga.

Wasu za su ce duk wannan tsohon yayi ne, yanzu ana ajiya ne a intanet. Ina amfani da wannan hanya, ina kuma ba kowa shawarar ya ajiye muhimman takardunsa a can, kuma imel ne ya ceto wa 'yar yayata babi biyu. Sai dai Google gigabait 15 take bayarwa kyauta, OneDrive na Microsoft kuma 5, abin da ya wuce nan sai an biya. Ga kuɗin data, wanda a Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince a ƙara masa har kashi 50 cikin 100. Mai ɗaukar hoton biki da yake dawowa da katin kyamara cike kowace Asabar, ko makarantar da ke wajen gari inda sai an fita tsakar gida ake samun sabis, ba za su iya dogara da wannan kaɗai ba.

Abin da ya mayar da batun ya zama na jama'a a wurina shi ne amana. Idan mutum ya kai kwamfutarsa gyara, ya miƙa wa baƙo hotunan iyalinsa da takardun bankinsa da wasiƙunsa, ya tafi ya bar su kwana biyu ko uku a kan teburin da yara masu koyon aiki suke kewaye da shi. Idan bayanan suna kan faifai na daban, sai a kwance shi a sa a aljihu, a bar wa mai gyara na'urar da manhajarta. Wannan ya fi nauyi a ofisoshi, inda bayanan da ke cikin kwamfutar na wasu mutane ne da ba su san ma an fita da ita daga ginin ba: marasa lafiya, da ɗalibai, da ma'aikatan da ke jiran fansho. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin kare su daga ɓata da lalacewa da faɗawa hannun wanda bai dace ba, ta kuma kafa hukumar da za ta sa ido a kan haka. Ban ga yadda ofishin da yake aika kwamfutar rajistarsa kasuwa da komai a cikinta zai ce ya sauke wannan nauyi ba. Haka nan ranar da za a yi gwanjon tsofaffin kwamfutoci, faifan bayanai in daban yake sai a cire shi a riƙe, a sayar da sauran da kwanciyar hankali.

Kada kuma a ɗauka cewa lalacewar babbar manhaja matsalar masu tsofaffin na'urori ce kawai. Ranar 19 ga Yulin 2024 wata sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta hana kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 tashi a faɗin duniya, jiragen sama suka tsaya, bankuna suka rikice. Bayanan da ke cikin waɗannan na'urori lafiyarsu ƙalau, fayil guda ne ya hana manhajar tashi, kuma cire shi ne maganin. Na tambayi kaina a lokacin, da irin wannan ta faɗa wa kwamfutocin garinmu, nawa ne za a goge kafin labarin maganin ya iso? Ga shi kuma Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoban 2025, abin da yake nufin ɗimbin kwamfutoci za su bi ta hannun masu gyara don a sauya musu manhaja, kowace da dukiyar mai ita a cikin C.

Saboda haka kirana ya fi karkata ga masu sayen kwamfuta da yawa a lokaci guda, wato ma'aikatun gwamnati da jami'o'i da makarantu da asibitoci, domin su ne kasuwa take saurara. Layi biyu a cikin takardar kwangila sun isa, a rubuta cewa kowace na'ura ta zo da wurin bayanai daban, an karkatar da jakunkunan aiki zuwa can, an kuma miƙa mabuɗin ceto a rubuce ga jami'in da ke kula da ita. Hukumar NITDA, wadda aikinta ne tsara ƙa'idojin fasahar sadarwa ga ma'aikatun gwamnati, tana da hurumin sa wannan cikin jagororinta, kuma ɗan kwangilar da ya saba yi wa gwamnati haka zai yi wa sauran masu saye. Ƙungiyoyin masu gyara na Terminus da titin Ahmadu Bello su ma suna da abin yi wanda ba ya bukatar izinin kowa, wato su mayar da shi doka a tsakaninsu cewa ba a goge faifan mutum sai an tayar da na'urar daga filasha ko an cire faifan an kwafe masa kayansa, ko kuma ya sa hannu cewa ya yafe su bayan an yi masa bayani da Hausar da yake ji. Wannan aiki ne da za su caji kuɗinsa, kuma ban taɓa ganin wanda aka bayyana wa abin da zai rasa ya ƙi biya ba.

A nawa shagon na fara da abin da hannuna ya kai. Duk kwamfutar da ta bi ta wurina ina liƙa mata 'yar takarda a ƙasanta, mai cewa bayanan mai ita suna D, kada a taɓa shi, a kira mai na'urar kafin a goge komai. 'Yar yayata ta koma ƙauyukan nan ta sake tattaro amsoshinta, ta rubuta babi na uku da na huɗu a karo na biyu, a kan faifan da na sa mata a gurbin DVD, kuma kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci takan biyo da ƙaramin faifanta na waje mu kwafe aikin makon, ta mayar da shi gidan mahaifiyarta a Rikkos.